Kawu Winfried da Kwalkwalin Gidanmu

Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, da hantsi, Allah ya yi wa Winfried Zapf rasuwa a gidansa da ke Kronach, bayan gajeriyar jinya. Ya cika yana da shekara tamanin da uku. Ina cikin wanke-wanke matarsa, Gwaggo Edeltraud, ta kira ni. Ta ce, "Roswitha, Kawunki ya tafi." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma ya bar mini shagon nan kaca-kaca, yadda ya saba." Muka yi kuka, muka yi dariya, duk a waya ɗaya.

Kawu Winfried, ba mu haɗa jini da kai ba, amma kaf layinmu Kawu muke ce maka. Baduku ne kai, ɗan baduku. Mahaifinka sirdi da linzami yake ɗinkawa. Da dawaki suka ƙare a gari, sai ka koma gyaran kwalkwalin sojojin da, irin na fatan nan mai tsini a ka. Daga nesa ake aiko maka da su, wasu a lotse, wasu ɓera ya ci rabi. Ba ka yarda a goge su har su yi ƙyalli. Kakan ce tsoho wanka yake so, ba kwalliyar amarya ba. Wanda kuma ya shigo yana kirarin yaƙi, ba ka ba shi kujera. Cewa kake hular ɗan mutane kake gyarawa, wanda uwarsa ta raka tashar jirgi tana hawaye.

Alherinka a garin nan ba ya ƙirguwa, amma ni na gidanmu zan faɗa.

Mahaifina Kilian da ƙaninsa, Baffa Alois, sun daɗe ba sa ga-maciji, kuma a kan kwalkwali ne. Na kakansu Valentin ne, wanda tun muna yara ake gaya mana babban hafsa ne a rundunar Furusiya. Da aka zo rabon gado, Baba ya ce shi ne babba, Baffa ya ce a hannunsa kaka ya damƙa shi. Magana ta yi tsami har suka daina gaisawa a ƙofar coci. Shi kuwa kwalkwalin aka bar shi a tsohon rumbun gona, don kowa ya rantse in ɗaya ya taɓa sai kotu. Kaji suka samu wurin ƙwai.

Shekarar da likita ya ce zuciyar Baba ta yi rauni, tsoro ya kama ni kada ya mutu da gaba. Na ɗauko kwalkwalin a kwando na kawo maka, na zayyana maka komai. Ka juya shi, ka shinshina, ka ce, "To, kajin dai sun fi su sanin amfaninsa. Bar mini shi."

Duk hunturun nan kana kansa. Ka jiƙa fatar da tururi kaɗan-kaɗan, ka ɗora ta a kan gungume har ta dawo da siffarta. Ka bi tsofaffin hujin allura da zare, ba ka huda sabo ko ɗaya ba. Ka cire mikiyar tagullar da ke goshi, tambarin Furusiya, ka wanke ta. A nan ka ga abin da ka gani, amma ko ni ba ka gaya wa ba. Sai ka aika wa kowannensu cewa ya zo ranar Lahadi da la'asar ya ji asalin kayan kakansa, ba tare da ka ce ɗan'uwansa ma zai zo ba.

Suka yi kiciɓis a ƙofar shago. Baffa ya juya zai tafi, Gwaggo Edeltraud ta tare hanya da farantin kek na tuffa, ta ce, "Alois, zauna. Ban toya wannan don kare ba."

Ka ajiye kwalkwalin a tsakaninsu, ya yi kyau har idon Baba ya ciko. Ka ce fatar ta gaskiya ce, amma hatimin da ke ciki na ƙaramin sojan Bavariya ne, ba na hafsan Furusiya ba. Ka nuna musu huji biyu a ƙarƙashin mikiyar, inda tambarin Bavariya mai zakuna ya taɓa zama. Mikiyar daga baya aka liƙa ta, kuma da wayar shinge. Sannan ka warware tsinin ka miƙa wa Baba.

"Kilian, ka san wannan?"

Baba ya juya shi, ya juya. Baffa ne ya leƙo ya ce, "Kai! Wannan ai kan sandar labulen falon kaka ne! Shi ya sa gefe ɗaya ba shi da kai!"

Ka ce, "Saura ɗaya. Alois, sa shi mu gani." Baffa ya ɗora, kwalkwali ya tsaya masa can a tsakar ka kamar murfin tukunya. Ka ce, "Duk zuriyarku kawunanku kamar kabewa, kuma na ga hoton Valentin. Wannan bai taɓa shiga kansa ba. Ina jin haɗa shi ya yi don wasan shigar ɓad-da-kama na bikin gabanin azumin Kirista, ya ga jikoki sun gaskata, ya ƙyale ku."

Baba ya dubi Baffa da kwalkwali a tsakar ka. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. Ya ce, "Alois, na bar maka. Gadonka ne."

Baffa ya ce, "Wa? Ni? Ai kai ne babba, Yaya!"

Rabon da in ji ya ce masa Yaya tun ina budurwa. Dariya suka yi har Baba ya nemi ƙwayar maganinsa. Daga baya na tambaye ka ko ba ka ji tsoron gaskiyar ta karya musu zuciya ba. Ka ce ka ji, shi ya sa ka sa aka toya kek.

Baba ya ƙara shekaru masu daɗi bayan nan, kuma kowace Lahadi tare suke cin abinci da ƙaninsa. Da ajalinsa ya zo, hannunsa na cikin na Baffa. Jiya a wurin jana'izarka Baffa Alois ya ƙi zama a keken guragu. Ya ce a tsaye zai yi maka bankwana, kuma ya tsaya har aka rufe ka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo Edeltraud, da 'ya'yanka Burkhard da Mechthild, da jikoki, da dukkan mutanen layinmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya albarkaci bayanka. Kawu, Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya sa ka huta. Ban taɓa jin ka ce wani abu ya wuce gyara ba. Ubangiji ya karɓe ka da irin wannan rahamar. Amin.