Rigar da Na Sa wa Kwamfutar Yaya

Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙaramar Sallah ce, shekarar da nake aji uku na ƙaramar sakandare. Lallen ƙafata ko dushewa bai fara ba. Inna ta shanya shinkafar da ta yi wa gumi a tsakar gidanmu na Badariya, ta ba ni kara ta ce in tsare mata kaji. Na jingina da bango, karan a gefe, laftof ɗin Yaya Bello a cinyata, faifan da ƙawata Saratu ta ara mini yana ta ƙugi a ciki. Saratu ta cika mana kunne a makaranta da wani abu wai shi tim, wato rigar da ake sa wa kwamfuta, ta sauya hoton fuskarta da launinta da 'yan alamomin da ake dannawa, har ƙarar da take yi in an kunna ta. Ta ja mini kunne in karanta abin da zai fito kafin in danna. Ban karanta komai ba. Duk akwatin da ya ɓullo na danna shi, na'urar ta ɗauke ta dawo, sai ga ta ruwan hoda daga sama har ƙasa, furanni ko'ina, kibiyar da ake nuni da ita ta zama malam-buɗe-littafi, foldojin nan rawaya duk sun koma ƙwallayen gilashi iri ɗaya sun jera kansu a gefen hagu. Daɗi ya kama ni. Ban ɗago ba sai da na ji muryar Inna daga madafa: "Kulu, kaji nac ce ki tsare, ba madubi ba." Lokacin kaji huɗu na tsakiyar shanya suna tono.

Yaya Bello shi ne ɗan farin Inna. Tun da aka yaye shi aka kai shi Argungu wurin Kaka, can ya tashi cikin kawunnanmu masunta, ya iya iyo kafin ya iya rubuta sunansa. Sai da ya zo karatun gaba da sakandare ya dawo gidanmu, kuma a shekarun da ya yi tare da mu ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba. Mutumin Argungu take ce masa. In ya shigo tsakar gida sai aiki ya taso mata a madafa, in zai ci abinci ni ko ƙanwata Luba ake ba mu kai masa. Haka ake yi wa ɗan fari, kowa ya sani, amma ni da ƙuruciya da tsaurin ido na ɗauka ba ta son sa ne. Na taɓa faɗa wa Kaka haka a wani hutu da muka je Argungu, tana gyaran kifi a bakin murhu. Ta yi dariya har da share ƙwalla, ta ce, "Labarin zuciya a tambayi fuska." Na ce ai fuskar Inna ba ta cewa komai. Ta ce to in ƙara girma.

Da ya gama karatu ya samu aikin jirgin ruwa a Legas, irin wanda ake wata da watanni a teku ba waya ba labari. Ana gobe zai tafi, da la'asar, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya ce zai koya wa Luba kwamfuta. Luba fa shekararta biyar, majina ma sai an share mata. Ni da nake sakandare ina tsaye yana ce mini in bari tukuna. Ya juya fuskar na'urar wajen madafa, wai rana ce ke hana shi gani, ya ɗaga murya kamar mai karantar da aji: ga maɓallin da ake kunnawa, a jira sai hoton gulbi ya fito, a goga yatsa a kai kibiya kan rawayar foldar da ke ƙasa a kusurwar dama ita kaɗai, a danna sau biyu. Sau huɗu ya maimaita. Luba tana ta wasa da wayar caji, Inna kuma tana bakin madafa tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. Na yi tsaki na tafi carafke gidan su Saratu.

Bayan tafiyarsa laftof ya zama nawa, ko na ce na maishe shi nawa. Wurin ajiyarsa saman kabad ɗin Inna ne, a lulluɓe da tsohon ɗankwali saboda ƙura. Da safe in na gama shara da wanke-wanke, na cika randa, sai in sa shi caji in akwai wuta, in ja Luba mu tafi makaranta. Baba tun asuba ya hau babur ya nufi fadamar Zauro, ba a ganin sa sai yamma, ƙafafunsa da busasshen laka. Abin da ke ba ni haushi shi ne sau da yawa in na dawo sai in tarar caji ya ragu. Su Luba na riga mu tashi daga makaranta, don haka ita na ɗora wa laifin, har ranƙwashi ta sha a kan haka ba sau ɗaya ba. Inna ba ta cewa komai sai "Ƙyale yarinya." Foldar nan ta kusurwa kuwa na buɗe ta sau ɗaya na rufe. Hotunan Yaya ne, da wani ɗan bidiyo da abokinsa ya ɗauke shi a bakin gulbin Argungu, ruwa iya ƙugu, yana rungume da gora yana dariya, a ƙarshe ya ɗaga hannu ya ce a gaishe da mutanen Badariya. Ban ga abin kallo a ciki ba. Hoton gulbin da ke fuskar kwamfutar ma ya ishe ni, ruwa ja da ciyawa da kwale-kwale guda babu kowa a ciki. Shi ya sa da Saratu ta kawo faifanta ban tsaya shawara da kowa ba.

Kwana goma na yi ina taƙama da sabuwar rigar. 'Yan ajinmu suna biyo ni gida su gani, har waɗanda ba ma shiri da su, don a makaranta kusan mu goma ke rufuwa a kan kwamfuta guda, malamin kuma ba ya bari a taɓa komai sai abin da ya rubuta a allo. A kwanakin nan Inna ta canza, amma ban haɗa abin da komai ba. Miya ta yi gishiri sau biyu. Ta bar gumi a wuta har ƙasan tukunya ya kama, ita da maƙwabta ke zuwa koyon gumi wurinta. Baba ya tambaye ta ko jikin ne, ta ce lafiya lau.

Ran wata Laraba aka tashe mu tun kafin sha ɗaya saboda taron malamai. Na shigo gida ba sallama, halina ne, an yi faɗan har an gaji. Tsakar gida shiru, turmi a kife. Iska ta ɗan ɗaga labulen ɗakin Inna, sai na hango ta zaune a bakin gado, laftof a kan kujerar tsuguno a gabanta. Ta goge hannunta a zani, ta sa yatsa guda tana gogawa a hankali, malam-buɗe-littafin nan yana tafiya har ya kai kusurwar dama ta ƙasa, inda babu komai yanzu sai fure. Ta danna sau biyu. Ta jira. Ta sake dannawa. Sai ta koma kan ƙwallayen gilashin ta buɗe ɗaya, abin lissafi ya fito, ta zuba masa ido ba ta san yadda ake kore shi ba. Inna tana karanta Alƙur'ani da ajami tsaf, amma boko ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Launi ta riƙe da wuri: rawaya, ƙasa, dama. Ni kuma na zo na kwashe duka ukun. Ta daɗe a haka, sannan ta rufe na'urar, ta shafa bayanta da tafin hannu, ta lulluɓe ta da ɗankwalin.

Na koma zaure da sanɗa, na tsaya har ƙafata ta gaji, sannan na yi sallama da ƙarfi. Ranar ce na fara shiga gidanmu da sallama ba a tuna mini ba. Nan a zauren na gane wanda Yaya ya koya wa kwamfuta, na gane inda caji ke tafiya, na kuma gane cewa ko shekara za a yi Inna ba za ta ce in nemo mata foldar ba, don in ta tambaya ta faɗi abin da ba a faɗa.

Da yamma na zauna gyara, na ƙara ɓata abin. Na gano foldar a cikin ƙwallayen, na ja ta zuwa kusurwa, ina sakin ta ta koma layi. Na sauya hoton fuskar, launin ya ƙi sauyawa. Na sa wani tim ɗin daga faifan ko zai kori na farko, sai komai ya zama baƙi da kore, rubutun ma da ƙyar ake gani. Saratu ta ce ita sawa ta iya, ba ta taɓa cirewa ba. Baba da ya ga ina ta huci a kan na'ura ya ce, "Sauri ya haifi nawa," ya wuce alwala. Ba wanda zan iya gaya wa dalilin damuwata, kuma ba halin kiran Yaya, sai jirginsu ya zo gaɓa shi ya kira. Kwana tara na jira. Ban taɓa jiran wani abu haka ba a rayuwata, ni da ko layin famfo ba na iya tsayawa.

Ya kira ran Juma'a bayan an sauko masallaci. Baba ya gama magana da shi, ya miƙa wa Inna wayar, ta ce, "Lahiya lau. Allah shi tsare," ta miƙo mini kamar wayar na ƙona ta. Na ɗauki laftof na shige zaure, na gaya masa ɓarnar da na yi. Ya yi dariya ya ce, "Sarkin gaggawa. To buɗe kunnenki." Ya sa na shiga inda ake cire manhaja na cire duka biyun da na sa, ɗaya bayan ɗaya, na kashe na kunna. Ya ce in danna maɓallin dama a filin fuskar kwamfutar in shiga wurin da rigunan ke jere, zan ga wadda ya adana da sunan Gulbi. Tana nan kuwa. Ina danna ta ruwan nan ja ya dawo da kwale-kwalensa, foldoji suka koma rawaya. Ya ce daga yau kafin in sauya komai in fara adana wanda na tarar, kuma in riƙa sauya abu ɗaya in duba kafin na biyu. Sai ya ce, kamar abin bai dame shi ba, in cire alamar da ke sa foldoji jera kansu, in ja ta hotunansa in kai ta ƙasa a dama, ita kaɗai.

Na ce, "Na sani. Na gan ta tana nema."

Can ya ce, "Tana buɗewa?"

Na ce kusan kullum, in mun tafi makaranta. Na ji ya ja numfashi. Shekara ɗaya da wani abu yana kan ruwa bai san ko karatun da ya yi a tsakar gida ya shiga ba. Ya ce, "Kada ki nuna mata kin sani, Kulu. Kin ji ko? Bakin nan naki." Na ce na ji.

Riƙe bakin ya fi gyaran wuya. Na shigo tsakar gida na ajiye na'urar a buɗe a kan tabarma, na juya ta wajen madafa, na ce wa Luba da ƙarfi na cire kwalliyar nan, ciwon ido take sa ni, komai ya koma inda yake. Luba ta ce ita furannin take so. Na ba ta alewar da na saya mata tun safe, ta karɓa tana kallona da mamaki, don ba ta san ta ranƙwashin baya ba ce. Inna tana tankaɗe, ta dubi fuskar kwamfutar sau ɗaya, ta ci gaba da aikinta. "Da ma wancan ja-ja ɗin bai yi kyau ba," in ji ta. Da aka raba tuwo da yamma na tarar da tsakiyar kifi a kwanona, yankin da Baba kaɗai ake sa wa.

Laftof ɗin ya mutu tuntuni, allonsa ya tsage, yana cikin wani kwali a ɗakin ajiya. Yaya ya bar jirgi, yana Legas da iyalinsa, kuma yanzu Inna na da waya mai hoto da yake kiran ta a kai duk Juma'a. In fuskarsa ta fito sai ta miƙa wa jikoki, ta koma gefe ta zauna inda za ta riƙa hango shi ba tare da ya hango ta ba. Ni ma na yi aure a unguwar Nasarawa, na haifi ɗan farina, kuma ban yi masa kunyar komai ba. Sunansa nake ƙwala wa kira sau ashirin a yini, in goya shi a gaban kowa, in sa hotonsa a fuskar wayata, Inna tana gani tana girgiza kai tana cewa 'ya'yan zamani ba su da ta ido. Ba na jin zan iya irin nata, ba na ma so. Amma wani lokaci in gida ya yi shiru da hantsi, yara sun tafi makaranta, sai in ji ina kewar gidan nan na Badariya da ƙamshin gumi, da matar da ke jira kowa ya fita kafin ta dubi ɗanta. Ni ina da baki, ita ba ta da shi a kan wannan, kuma har yau ban san a tsakaninmu wadda ɗanta ya fi jin ta ba.