Malam Sanusi da mitar da ta ƙirga buhu ɗaya sau uku

Ina kasuwar Shagari ana ɗinke buhunan albasa wayata ta yi ƙara. Ƙanin Malam Sanusi ne. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya Sanusi ya cika, yanzu a asibiti." Na nemi wuri na zauna ina ta salati. Kwana huɗu kacal ya yi yana jinya.

Shekara shida muka yi tare a ƙungiyar manoman albasa da ke Bodinga, ni sakatare, shi mai kula da kwamfuta. Ba shi da yawan magana. Idan dattijon da bai yi boko ba ya miƙo masa waya, sai ya karanta masa saƙon sau biyu a hankali, da murya ƙasa-ƙasa, don kada na kusa su ji.

Amma abin da ba zan manta ba shi ne makon da ya kusa rasa aikinsa. Wani kamfani ya kawo mana manhajar da za ta riƙa rubuta duk buhun da ya shiga rumbunmu ko ya fita. Ba sayenta za mu yi ba. Akwai mita a cikinta mai ƙirga kowace shigarwa, mu biya gwargwadon abin da ta ƙirga, kuma daga aljihun manoma kuɗin za su fito. Shugabanmu, Alhaji Garba, ya so a sa hannu nan take. Malam Sanusi ya roƙi mako guda. Ya ce, "Mu gwada ta da buhunan ƙarya tun ba ta taɓa na gaskiya ba."

Sai ya gina kasuwa sukutum a cikin kwamfuta: manoman ƙarya, buhunan ƙarya, wayoyin ƙarya masu aika bayani. Kafin mako ya cika, magana ta zaga cewa wani kamfanin ne ya saye shi. A gabana Alhaji ya ce masa, "In ba ka gano komi ba, ka aje makullin ohis." Ya amsa da "To, Alhaji," ya koma kan aikinsa.

Ranar gwajin dattawa suka cika ofis, wakilin kamfanin na zaune a gaba. Malam Sanusi ya tura buhu ɗari na ƙarya. Mita ta nuna ɗari daidai. Ya sake, ɗari. Wakilin ya yi murmushi, Alhaji ya zaro biro daga aljihu. Ni kam na kasa kallon abokina.

"Alhaji, a yi haƙuri," in ji shi. "Wanga sabis ɗin birni ne. Bari mu ga irin na Lambara."

Ya sa sabis ɗin ya riƙa yankewa yana dawowa, kamar yadda yake yi mana a ƙauye, sannan ya sake tura buhu ɗarin. Mita ta kai ɗari, ta wuce, ta ci gaba da hawa. Ba ta tsaya ba sai da ta haura ɗari biyu. Ashe duk lokacin da waya ta sake aika bayani bayan yankewa, sai mitar ta ɗauka sabon buhu ne. Wani buhun sau uku ta ƙirga shi. Wakilin ya fita ya yi waya, ya daɗe, ya dawo ya amsa cewa kuskuren nasu ne. Aka sake rubuta yarjejeniya, aka ba mu damar riƙe namu ƙirgen.

Dattawa suka taso wa wakilin da faɗa, Malam Sanusi ne ya shiga tsakani. "Shi ma aiko shi anka yi," in ji shi. Har gwajin nasa ya kwafa ya ba mutumin kyauta, don su gyara wa sauran jama'a.

A wurin zaman makoki a Dingyadi, Alhaji Garba ya kama hannuna ya ce, "Sakatare, kullum cewa nike gobe zan ba shi haƙuri."

Allah Ya jiƙan Malam Sanusi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba mahaifiyarsa da matarsa Asma'u juriya, Ya raya 'ya'yansa uku a kan gaskiya. Mu kuma da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.