Baba Ibram Mai Fitilar Mashigi

Kafin hantsi Baba Ibram ya goge gilashin fitilunsa, ja da kore, ya hau bencinsa a mashigin nan da ruwa ya cinye rabin titi tsakanin Nguru da Gashua. Mota ɗai-ɗai ke bi. Fitila a wannan baki, fitila a wancan, makunnin fitilun a hannunsa. Shi ba ruwansa da agogo, motoci ke gaya masa wa zai tsayar, wa zai saki.

Shi ya koya mana, mu direbobi. In ka ɗauko marar lafiya, ka ƙyafta wa na gabanka fitila, ya gani a madubi, ya ƙyafta wa na gabansa, har saƙon ya iso bakin layi. Nan take Baba zai bar muku kore sai kun ƙetare.

Bara da damina, a gaban idona, maciji ya sari Laminu manomin shinkafa, aka sako shi a keke mai ƙafa uku can ƙarshen layi. Saƙo ya zo. Baba ya riƙe motocin kifi na ɗaya bakin da ja, direbobinsu suna ta hon, wani har ya sauko yana zage-zage wai kayansa za su lalace. Baba ko tashi bai yi ba.

"Ɗana, kifinka ya riga ya mutu," ya ce. "Wancan da sauran numfashi."

Laminu yana nan, bana ma ya yi shuka.

To, abin da ke hana ni sukuni ke nan: yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, ya ce mini ƙarshen daminar nan zai miƙa makunni. Wallahi tsoro nake ji. Don wasu cikinmu, marasa kunya, sun fara ƙyafta fitilar ƙarya don su tsallake layi, alhali buhunan barkono ne a bayansu.

Baba, kai ne ka sha rana da zagi don wanda ba ka ko san sunansa ba. Dattijon mashigi, mun gode. Allah Ya ba ka lafiyar ido.

Ku kuma 'yan'uwana direbobi, ku dubi Allah ku bar ƙaryar nan. Wanda zai gaji Baba bai san mu ba. Ran da ya ga ƙyaftawa ya ce ai halinsu ne, ya bar ja a kunne, akwai wanda ke kwance a bayan mota yana jira, kuma ba mu san ɗan wa zai kasance ba.