Tiyar Baba Ishaya

Da safen nan labari ya same ni ina shan koko: Baba Ishaya, kafinta na kasuwar Katako, ya rasu.

Na san shi ina ɗalibin jami'a a unguwar Lamorde, shekarun fari da yunwa, zamanin soja. Ni Musulmi ne daga Tawa, shi Kirista daga ƙasar Maradi. Tebur na je saye, kuɗina suka kasa. Ya haɗa mini wani da guntayen katako, ya ce in ci jarrabawa, ladansa ke nan.

Daga nan rumfarsa ta zama wurin hirata. Azahar na yi zai ture mini buta, ya ce tashi, malam.

Na cika tsokana lokacin. Kullum sai na tambaye shi: ku Kirista gaskiyarku nawa ce? Ga Katolika, ga ku, kowa na cewa shi ne kan hanya. Sai ya yi dariya ya ci gaba da fere katako.

Da yunwa ta tsananta, aka aiko wa cocinsu jar dawa ta taimako. Shi aka ba awo don dattijo ne a cocin. Sauran dattawa suka ce a ba ƴan coci kawai. Sai ga Mama Sesil, wata tsohuwa ƴar Katolika mai riƙon jikoki, da ƙwaryarta. Aka ce a mayar da ita, wai ruwa aka yayyafa mata a ka, ba a nutsar da ita ba, baftismarta ba ta cika ba.

A zamanin nan zargin karkatar da hatsin taimako kaɗai ya isa a kulle mutum. Baba ya sani. Ya cika mata tiya har tana zuba, a gaban kowa.

Ba a kai shi ƙara ba, amma an sauke shi daga dattijanci, kuma ba a taɓa mayar da shi ba.

Na je da murnata, na ce to Baba, ashe ka yarda duk ɗaya kuke. Ya ajiye zarto ya ce: "A'a, ɗana. Gaskiya ɗaya ce, kuma a ganina Sesil ta kuskure kan baftisma, na sha faɗa mata. Amma dawa aka ba ni in auna, ba imanin mutane ba."

Wallahi kunya ta kama ni.

Bara na gan shi na ƙarshe, ido ya tafi. Ya gane muryata, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya. Bai ko ambaci abin da aka yi masa ba.

Gobe za a binne shi. Jikokin Mama Sesil sun roƙi a bar mawaƙan cocinsu su yi masa waƙa ɗaya a bakin kabari. Dattawa ba su ba da amsa ba tukuna.

Allah ya ba iyalansa haƙuri da dangana, ya tausasa zukatan dattawan nan. Duk wanda ya karanta, Musulmi ko Kirista, don Allah ya taya mu roƙo a bar yaran nan su yi waƙarsu.