Kaka Tafireta da Waƙar Mai Gyaran Fanka

Shekara talatin da biyu ta yi a ofis, manya na magana tana bugawa a tafireta. Ta ga shugabanni iri-iri: mai magana ta hanci, mai magana da biro a baki, da wanda sai ya yi tari uku kafin ya ce "saboda haka". Dokarta ɗaya ce. Abin da kunnenta bai kama ba, ba ta ƙirƙirarsa, sai ta bar fili a takarda, mai maganar ya zo ya cike da hannunsa. Da kwamfuta ta shigo aka ce a zubar da tsoffin injina, ta roƙi nata ta ɗora a ka ta kai gida. Tun daga ranar unguwa ke ce mata Kaka Tafireta.

Jika ɗaya gare ta, ɗan 'yarta marigayiya, ita ta raine shi tun yana jariri. Yanzu ƙato ne mai gemu, yana gyaran fanka a bakin titi, Allah kuma ya ba shi murya mai sa masu wanki su manta da kumfa a hannu. Sau biyu ya je gwajin mawaƙa a gidan rediyo, sau biyu suka sallamo shi. Sun ce murya akwai, amma ba su ji abin da yake faɗa ba. Gwaji na uku ran Asabar ne, kuma ba sa sauraron mutum sau huɗu.

"Hassada ce kawai, Kaka," in ji shi. "In suka sake koro ni, na bar waƙa."

"To, angona, zo ka rera wa tsohuwar matarka mu ji hassadar."

Ta ɗora injin a teburin cin abinci, ta zura takarda, ta juya masa baya. Ya rera, ta buga. Da ya gama ta zare takardar ta miƙa masa. Kalma goma sha ɗaya ce a ciki, sauran duk fili, kamar bakinta in ta cire haƙoran roba.

"Muryar ta yi daɗi, har na ji a ƙirjina," ta ce. "Amma fanka ma tana da daɗin ƙara, ba wanda ya taɓa tambayarta me ta ce."

Ya yi fushi ya fita. Washegari ta bi shi shago da sandarta, ta zauna a kan benci. Yana tsaye ya kwance wata fanka, sukundireba a hannu, ƙananan kusoshi huɗu a leɓe don kada su ɓata, yana ta waƙa ta gefen baki. Ta kalle shi ta kalle shi, sai ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta.

"Shekara nawa kana waƙa haka?"

Ya tofa kusoshin a tafin hannu. "Tun ina koyon aiki."

"Ashe kusa ce malamarka. Shekara goma kana riƙe ta a baki, ko ba ta nan leɓenka na gadinta."

Ta ciro murfin kwalba daga jaka ta ce nan ne gidan kusa daga yau. Kullum da la'asar kuma ya zo gaban tafireta. Sai ya fara faɗin baitin da magana, kamar mai yi wa kurma kwatancen hanya, sannan ya ɗora masa murya. Ran Talata kalma talatin. Ran Alhamis takarda ta kusa cika, ban da baiti na ƙarshe, wanda kullum yake haɗiyewa.

"Nan babu kusa, angona. Me ka ɓoye?"

Ya sunkuyar da kai ya ce ba komai.

"Alƙalan gidan rediyo ba kakanninka ba ne. Buɗe bakin."

Ya ja numfashi ya buɗe. Baitin a kan wata mata ne da take goya jariri zuwa ofis a ɓoye, ta kwantar da shi ƙarƙashin tebur, ƙarar injinta ce waƙar da ke sa shi barci. Yatsun Kaka ba su tsaya ba, kalma bayan kalma, har injin ya yi ƙararrawarsa ta ƙarshen layi. Ta daɗe ba ta juyo ba. Ta ce fankar ɗakin ce ke hura mata ƙura a ido, shi ne bai iya gyara ba.

Ran Asabar ya dawo tun kafin azahar, yana dariya tun daga ƙofa. Sun ɗauke shi. Ɗaya daga cikin alƙalan ma ta tambaye shi ko matar cikin waƙar tana raye.

"Me ka ce mata?"

"Na ce tana nan, ta fi ƙarfin kowa."

"Madalla. In ka koma ka gaya musu ba a ƙarƙashin tebur nake ajiye ka ba, a cikin kwandon takardu ne. Gyara baitin, in sake bugawa."