Luguden Ƙaiƙayi

Tun da na dawo daga birni barci ya ƙaurace mini, kuma in na rufe ido muryar Kaka Ladi nake ji.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gwarzo da Kabo. Gidajen Kirista kaɗan ne, sai majami'armu ta ƙasa mai rufin kwano, ga maƙwabta Musulmi da muke cin kasuwa ɗaya da su. A shekarun tsuke bakin aljihu kananzir ya fi ƙarfinmu, don haka da an ci tuwo sai a hure fitila, mu yara mu taru a bakin murhu. Kaka ta tura kara cikin wuta, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo. Ita ce ta fara karɓar baftisma a gidanmu, amma tatsuniya ba ta bar ta ba. Sai dai in ta kai ƙarshe takan ce, "To, Amin. Kowa ya je ya yi fitsari ya kwanta."

Akwai wadda ta fi yawan yi mana. Wai an yi yunwa a wani gari, Dodo ya zo ya tare a bayan gari. Dodon nan makaho ne, da kunne yake farauta. Kullum da yamma sai ya bi danga yana saurare. Gidan da ya ji ana daka sai ya wuce, ya san akwai mutane. Gidan da ya ji shiru, nan zai shiga. To akwai wata mata da mijinta ya mutu, rumbunta ya ƙare, ta shige ɗaki ta saki asabari, ba ta daka, ba ta magana. Matan garin su ma ba su da tsabar da za su ba ta. Sai suka ɗauko taɓarensu, suka zuba ƙaiƙayi a turminta, suka kama lugude, suna cilla taɓarya sama suna tafi. Dodo ya zo ya kasa kunne, ya ce, "Kai, gidan nan biki ake yi," ya yi gaba. Haka suka yi ta yi har kaka ta yi, aka yi girbi.

Na ce, "Kaka, ai ba a cin ƙaiƙayi."

"Ke dai da cikinki, Rahila! Wa ya ce miki don a ci ne? Don a ji ne."

"To matar ta fito?"

"Ba wanda ya ce ta fito. Su daka suka je yi."

Gaskiya a lokacin ba ta burge ni ba. Ba a kashe Dodo ba, ba wadda ta auri ɗan sarki.

Kaka ta rasu ina aji uku a sakandare. Da na gama, na samu aiki a wani kemis a birni, daidai lokacin da maganar Shari'a ta sa kowa yana kallon kowa. Ranar da unguwar ta rikice, Alhajin da nake wa aiki ya tura ni ɗakin ajiyar magani ya kulle. Ina jin ihu, ina jin gudu, ina jin ana kiran wani da na sani bai amsa ba. Washegari matarsa ta sa mini hijabinta, ta riƙe hannuna har tashar Gwarzo. Allah ya saka musu. Amma da na iso gida na shiga ɗakin Inna, sai fita ta gagara. Ko ƙarfen kiran sujada aka buga, sai in toshe kunnuwana. Inna ta fara cewa ko a kai ni asibiti.

Ban san wa ya shirya ba. Wata yamma dai na ji sallamar matan zumuntar majami'armu a tsakar gida. Na ƙudundune, ina jiran su shigo su ce in ba su labari. Ba su shigo ba. Gyaɗa suka zo da ita, suka baje suna ɓara, suna hirar tsadar taki, suna rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa. Gobe ma haka, jibi ma haka, alhali kowace ta bar nata aikin. Baba Fasto yakan zo ya zauna a bakin ƙofa, ya yi gajeriyar addu'a, ya ce, "Rahila, sai gobe," ya tafi bai jira amsa ba.

Da ina ɗauka hidimar ikilisiya ita ce wa'azi da baiko, wato sadakar da ake tarawa. Waɗannan ba su da abin ba ni, kuma ba su iya cire mini abin da na ji. Sun dai hana gidanmu yin shiru. Ubangiji, na gode maka dominsu.

Shekaranjiya na ɗaga labule na fito. Ba wadda ta ɗago kai, ko Inna. Matar Baba Fasto ta gusa a kan tabarma, ta turo mini faifai. Na zauna ina ɓara, sai ta leƙa ta ce, "Oh, 'yar boko! Haka ake ɓarar gyaɗa a birni? Duk kin farfasa mana iri."

Suka yi dariya. Ban iya yi ba tukuna, amma na ɗebi wata na ci gaba.