Telan da Zama Ya Gagara

Na-Tsaye shi ne sunan da ya bi shi har ya danne na yanka. Na karɓe shi a shekarar da na sayi keken ɗinki na uku, lokacin da ƙanwata ta kawo shi shagona, ta ce ɗanta ne, in koya masa sana'a.

Hannunsa ya faɗa da wuri. Sai dai yana cikin ganiyar samartaka zama ya gagare shi. Da ya hau benci sai fitsari ya matse shi, ya je bayan gida ya yi ɗigo kaɗan, ya dawo da raɗaɗi. Idan ya miƙe, abin ya lafa.

"Maigida, a kai masa keken can bayan gidan mana, ya huta da zirga-zirga," in ji mai yi mana guga a shagon.

An gwada fitsarinsa sau da dama ba a ga cuta ba. Ya ɗora keken a kan bulo, yana taka shi a tsaye da ƙafa ɗaya kamar shamuwa. Ɗinki ya karkace, masu kaya suka fara dawo da riguna. Na shaida masa cewa idan shekara ta ƙare bai zauna ba, keken na wani ne.

Wata likita ce ta gano cewa jijiya ce ta maƙale a ƙasan ƙugunsa, zama kuma yana ƙara danne ta. Ta ce tiyata za a yi a sake ta. Ni na sa hannu a madadin dangi, da alƙalami, ba da dangwale ba. Ma'aikaciyar jinya ta jira har na kammala.

Da ya farfaɗo ya ce, "Kawu, duba mini ɗinkin. Wurin ba ya ganuwa ga mai shi."

Na duba. "Layin ya miƙe," na ce, "sai dai babu kalmasa."

Sauƙi bai zo nan take ba, watanni ya ɗauka. Kafin nan idanuna sun raunana, na bar shagon, na koma wurin babban ɗana a wani gari.

Da na kai ziyara shagon, na tarar an tokare ƙofa da bulon nan, shi kuma yana zaune yana ɗinki. Bai tashi ya gaishe ni ba.

"Ka yi haƙuri, Kawu. Da wuƙa aka samo mini zaman nan."

Na ƙyale shi. Rabona da shi ke nan, ranar Talata, tara ga Maris.